Guyana ta yi arzikin fetur, amma tarihin titunanta yana hannun tsofaffin da suka bar ƙasar

A shekarar 2013 aka kulle ƙofar gidan silima na Astor a Georgetown, babban birnin ƙasar Guyana. Gini ne na katako da aka buɗe tun 1940, kuma shi ne na ƙarshe da ya rage yana haska fim cikin tsofaffin gidajen silimar birnin. Ƴan kallo sun daɗe da ƙaurace masa, saboda haka rufewar ba ta zo wa kowa da mamaki ba. Masu jimamin gaske da yawansu suna can nesa, a New York da Toronto da Landan: tsofaffi masu furfura waɗanda a kan kujerun Astor suka fara ganin duniya, wasunsu ma a nan suka fara zance da matan da suka aura.

Kada mai karatu ya rikita ta da Gini ko Gana. Guyana tana gaɓar arewa ta Kudancin Amurka, tsakanin Venezuela da Barazil da Suriname, kuma ita kaɗai ce a nahiyar da Ingilishi yake harshen hukuma. Ingila ta mulke ta har zuwa 26 ga Mayu 1966. Mutanenta kimanin 800,000 ne: jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, jikokin ƴan ƙodagon da aka fara kawowa daga Indiya a 1838 don noman rake, ƴan asalin ƙasar da ke cikin dazuzzuka, sai ƴan tsirarun Fotugis daga tsibirin Madeira da kuma ƴan Sin. Har gobe a bakin wasu ƴan ƙasar, Musulmi ko da ɗan asalin Indiya ne sunansa "Fulaman", kalmar da ta samo asali daga Fulanin da ke cikin bayin farko, duk da cewa ba kowane Musulmi ke son a kira shi haka ba. Abin da ya fi bambanta Guyana da sauran ƙasashe kuwa shi ne yawan waɗanda suka fice daga cikinta. Tun shekarun 1960 ake ta kwarara waje, har ta kai da wuya a samu gidan da ba shi da ɗa ko ƴa a Amurka, Kanada ko Ingila.

Waɗannan da suka fice suna da wata al'ada. In sun haɗu a titin Liberty da ke unguwar Richmond Hill a New York, wadda ake wa laƙabi da Ƙaramar Guyana, ko a taron tsofaffin ɗalibai da ake yi kowace shekara a Toronto, hira ba ta nisa sai wani ya jefo suna. Bookers. Wani ya amsa da Fogarty's. Wani ya ce Bettencourt's, wani Sandbach Parker, wata ta tuno askirim ɗin Brown Betty da ake saya wa yaro in ya ci jarrabawa. Daga kantuna a koma gidajen silima: Globe, Plaza, Metropole, Strand, Empire, da Starlite inda ake kallo daga cikin mota. Daga nan sai mawaƙa da ƴan barkwanci da masu magana a rediyo. A yi ta gardama a kan wace kusurwa kanti kaza yake, da nawa ne kuɗin shiga silima ranar Asabar. Kamar maroƙin da ke jero kakannin basarake, kowa na tsoron ya tsallake suna.

Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai gaskiyar hakan a nan: sanyin Toronto da kaɗaicin tsufa a ƙasar wani suna ƙara wa tsohon gari zaƙi. Duk da haka raina wannan hira kuskure ne babba. Littattafan tarihin Guyana sun cika da Cheddi Jagan da Forbes Burnham, da zaɓe da maguɗin zaɓe. Amma inda talaka ya sayi takalmin makarantar ɗansa, da wanda ya ba shi dariya daren Juma'a bayan ya karɓi albashi, wannan yana cikin kawunan mutanen da shekarunsu suka haura 70. Taska ce mai daraja, amma tana yoyo, kuma tana da son kai wajen zaɓen abin da za ta riƙe. Ƙasar da a yanzu take da kuɗin da ba ta taɓa mafarkin samu ba, ba ta da sauran uzurin barin ta a haka.

Mutumin da ya fi kowa fahimtar wannan shi ne Godfrey Chin. Ya tashi a Georgetown, ya yi shekaru a Amurka, sannan ya zauna yana rubuta duk abin da ya tuna: kantuna titi bayan titi, gidajen rawa, wasannin yara, masu tallan kan hanya, har da mahaukatan gari da kowa ya sani. A 2007 ya tattara su cikin littafi kan rayuwar ƙasar daga 1940 zuwa 1980, ya kuma riƙa baje kolin tsofaffin hotunan da ya tara. Ya rasu a 2012. Aikin da ya kamata a ce wata hukuma mai ma'aikata da kasafin kuɗi ce ta yi, mutum ɗaya ne ya ɗauke shi don ƙaunar abin.

A fara da silima, domin ba za a gane nauyinta ba sai an san cewa har zuwa farkon shekarun 1980 babu tashar talabijin a Guyana. Rediyo ne a gida, silima a waje, shi ke nan. Gidan silima kuwa ƙaramin hoton al'ummar ne. A can gaba, dab da allo, akwai wurin da suke kira "Pit", wato rami: bencina ne na katako, kuɗin shiga kaɗan, zafi da hayaniya, inda samari ke yi wa jarumin fim ihu suna gargaɗinsa cewa mugu na bayansa. Bayansu masu matsakaicin hali, sama a bene kuma masu hannu da shuni da masoyan da ke neman duhu. Mutum na iya auna ci gabansa a rayuwa da ranar da ya daina shiga rami ya hau bene. A ƙauyukan gonakin rake da ke jere a bakin teku ma akwai gidajen silima, kuma finafinan Indiya ne ke cika su, alhali mafi yawan jikokin ƴan ƙodagon sun riga sun manta harshen kakanninsu. Wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram yana rera waƙar fim ɗin Indiya ba tare da sanin ma'anarta ba, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Kuma ba fim kaɗai ake yi a waɗannan gidaje ba. Dandalinsu ne filin wasan ƴan barkwanci da mawaƙa. Sam Chase da abokin wasansa Jack Mello sun yi suna ne a irin wannan dandali, suna ɗaukar abin da ake tsegumi a kansa a gari su mayar da shi wasa cikin Ingilishin kasuwa da kowa ke ji, kamar yadda ɗan kama ke yi da tuwo da malanta. Ba a ɗauki mafi yawan wasanninsu a faifai ko fim ba. Abin da ya rage shi ne tsohon da zai ce ya gan su da idonsa, ya kwaikwayi tafiyar Sam Chase a falon gidansa a Queens, jikokinsa na kallonsa ba su san me ke ba shi dariya ba.

Abin da ya kashe silimar ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1980 wasu ƴan kasuwa suka kafa manyan faranti suna janyo shirye-shiryen Amurka daga tauraron ɗan'adam suna watsawa ba tare da biyan masu su ba. Sai kaset ɗin bidiyo, sai faifan DVD na satar fasaha da ake sayarwa a fili a bakin titi. Wa zai fita da dare, ga ɗaukewar wuta ga ɓarayi, ya biya kuɗin kallon fim ɗin da ya riga ya gani a ɗakinsa? Strand ya koma coci, Metropole gobara ta cinye shi, sauran aka rushe ko aka mayar da su shaguna.

Labarin kantuna ya fi wannan ɗaci, kuma a nan ne hirar tsofaffin ke yawan tsallake shafi. Kamfanin Booker na Ingila shi ne uban tafiya. Yana da mafi yawan gonakin rake da masana'antun sukari, yana da jiragen ruwa, da kantin magani, da babban kantin da ake sayar da komai daga allura zuwa mota. Ƙarfinsa ya kai har mutane suka riƙa cewa haruffan B.G. da ke nufin Guyanar Birtaniya a gaskiya Guyanar Booker suke nufi. Wanda ke tuna fitilun Kirsimeti a tagogin Bookers da ƙamshin sabon yadi bai yi ƙarya ba. Sai dai kuɗin da ya kunna fitilun daga gumin masu saran rake ya fito, irin waɗanda ƴan sanda suka harbe biyar daga cikinsu a gonar Enmore ranar 16 ga Yuni 1948 lokacin yajin aiki. Sandbach Parker kuwa tushensa na komawa ga ƴan kasuwar Liverpool da suka mallaki bayi, waɗanda gwamnatin Ingila ta biya diyya da aka soke bauta, bayin kuma ba a ba su ko sisi ba. A manyan kantuna da bankuna, har zuwa kusan samun ƴancin kai, Bature ne ke ofis, Bafotugishe ko mai hasken fata ke bayan kanta, baƙi da ɗan Indiya kuma su ne ƴan dako da masu shara. Ko a duniyar adabi an taɓa tona wannan: kyautar littafi ta Booker da ta shahara a Ingila da kuɗin wannan kamfani aka kafa ta a 1969, kuma da marubuci John Berger ya ci ta a 1972 ya soki kamfanin a bainar jama'a kan abin da ya yi a yankin Karebiyan, ya ba ƙungiyar Black Panthers ta Ingila rabin kuɗin.

Sannan ga wuta. Georgetown birnin katako ne, kuma gobara ta sha gyara masa taswira. Ranar 23 ga Fabrairu 1945 wuta ta tashi daga kantin maganin Booker, ta cinye tsakiyar birnin, har da babban gidan waya, da zauren taro na Assembly Rooms, da gidan kayan tarihi da ɗakin karatun da ke maƙwabtaka da shi. Ta biyu ba tsautsayi ba ne. Ranar 16 ga Fabrairu 1962, zanga-zangar adawa da kasafin kuɗin gwamnatin Jagan ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone da wawaso, gomman shaguna da kantuna suka zama toka, sai da aka kira sojojin Ingila. Bayan shekara biyu, a 1964, rikicin ƙabilanci tsakanin baƙaƙe da ƴan asalin Indiya ya ci rayuka sama da 150. Iyalai da dama na ƴan kasuwa, musamman Fotugis da ƴan Sin, daga wannan lokaci suka fara haɗa kaya. In tsoho ya ce kanti kaza "ya ƙone a 62" ya wuce zuwa suna na gaba, tambayar da ba a cika yi masa ba ita ce: wa ya kunna, kuma shi yana ina a ranar?

Abin da wuta ta bari siyasa ta ƙarasa. Burnham ya ayyana ƙasar a matsayin jamhuriya ta tsarin gama-kai a 1970, ya karɓe kamfanin haƙar bauxite a 1971, ya karɓe dukiyar Booker a 1976, babban kantin ya koma Guyana Stores na gwamnati. A wancan lokaci mutane da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja: ƙasa mai ƴanci ba za ta zauna a aljihun kamfani ɗaya na ƙetare ba. Amma da farashin sukari ya faɗi, kuɗin waje suka ƙare, sai kantocin suka bushe. An hana shigo da dankalin Turawa, da kifin gwangwani, da wake irin wanda ƴan asalin Indiya ke miya da shi kullum. A 1982 aka tsayar da shigo da garin alkama, burodi ya zama kayan fasa-ƙwauri, har sai da Desmond Hoyte ya janye matakin a 1986, shekara guda bayan mutuwar Burnham. Mata suka riƙa kwana a layi don sabulu da man girki. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya suka zama ƴan tireda masu tsallaka kogi zuwa Suriname da akwati, wasu kuma suka tafi ba su dawo ba.

Wannan ne ya sa Bookers na shekarun 1950 ke ƙyalli a idon tsoho fiye da yadda ya taɓa yi a zahiri. Yana hango shi ne ta cikin yunwar shekarun 1980. Kuma yawancin masu jero sunayen ƴan birni ne, ƴan makarantun da suka yi suna, masu iyayen da ke ɗaukar albashi. Ɗan masu saran rake daga Berbice, ko ɗan asalin ƙasa daga can Rupununi kusa da iyakar Barazil, yana da nasa sunayen: shagon Basine na ƙauye da ke ba da bashi a rubuta a littafi, ɗan Fotugis mai shagon giya, makaɗin bikin aure. Ba a cika jin su a tarukan Toronto ba.

A ɓangaren mawaƙa ne asarar ta fi fitowa fili, domin a nan akwai kuɗi da haƙƙi. Augustus Hinds, wanda duniya ta sani da Bill Rogers, an haife shi a 1906 ya rasu a 1984. Shi ne sarkin salon waƙar da suke kira shanto, waƙar barkwanci cikin harshen titi kan abinci da kasuwa da halin mutane. A 1934 ya je New York aka ɗauki muryarsa a faifan garmaho, abin da ba kasafai ɗan mulkin mallaka ke samu ba a lokacin. Ɗaya daga cikin waƙoƙinsa jerin sunayen saiwoyi da ganyayen magani ne da wata mai talla ke sayarwa. Yau mai binciken maganin gargajiyar Guyana zai iya zama ya saurare ta da alƙalami a hannu. Ga abin da ake nufi in an ce mawaƙin barkwanci ma'ajin tarihi ne: ya adana kasuwar da babu jami'in da ya ga ta cancanci a rubuta.

Rediyo ma haka. Radio Demerara ta raini muryoyin da har yanzu tsofaffi ke kwaikwayo: Olga Lopes-Seale da asusunta na taimakon yara mabukata kafin ta koma Barbados, Ayube Hamid da shirinsa na tsofaffin waƙoƙin Indiya da ya yi shekaru aru-aru, da sanarwar rasuwa da ake yin shiru a gida in an fara ta. Al Seales da Vivian Lee sun buɗe ƙananan kamfanonin faifai a Georgetown suna ɗaukar mawaƙan gida. Vivian Lee ɗin ne ya shirya fim ɗin barkwanci a 1976 wanda Habeeb Khan ya ja, mutumin da ke iya juya harshensa ya zama Basine ko ɗan Indiya ko Bature cikin minti ɗaya. Habeeb Khan ya rasu a 2012, kuma bai bar duniya da arzikin da ya yi daidai da sunansa ba. Da Vibert Cambridge, malamin jami'a ɗan Guyana mazaunin Amurka, ya tashi rubuta tarihin kiɗan ƙasar wanda ya fito a 2015, babban abin da ya nuna shi ne yadda kowace hukuma, daga ta Turawa zuwa ta ƴan ƙasa, ta fi damuwa da juya akalar mawaƙi fiye da kula da shi. Gwamnatin Burnham ta karɓi baƙuncin bikin al'adun Karebiyan na farko, Carifesta, a 1972, ta gina babban zauren al'adu, ta ɗaga wasu mawaƙa har ɗaya daga cikinsu, Lord Canary, ya shiga majalisa. Amma mai son a ji shi a rediyon gwamnati ya san waƙar da ba zai yi ba.

Waɗanda suka yi fice sosai sai da suka bar gida. Ken Johnson, wanda ake wa laƙabi da "Snakehips", ya jagoranci fitacciyar ƙungiyar kiɗa ta baƙaƙe a Landan har bam ɗin Jamus ya kashe shi yana kan aiki a gidan rawa na Café de Paris ranar 8 ga Maris 1941. Eddy Grant, ɗan ƙauyen Plaisance, ya tafi Landan yana yaro a 1960, ya yi suna a duniya, sannan ya sa kuɗinsa ya sayi haƙƙin tsofaffin faya-fayan kalifso na yankin don kada su ɓace. A Barbados ya kafa ɗakin ɗaukar sautinsa. Dave Martins kuwa a Toronto ya kafa ƙungiyar Tradewinds a 1966, daga can yake yi wa ƴan ƙasarsa waƙa cikin harshensu. Waƙar da ya yi kan iƙirarin da Venezuela ke yi na mallakar yankin Essequibo ta zama kamar taken ƙasa na biyu. Da Venezuela ta shirya ƙuri'ar raba gardama kan yankin ranar 3 ga Disamba 2023, wannan tsohuwar waƙa aka koma ana sakawa a tarukan gangami da gidajen rediyo. Ranar tsoro, ƙasa ta san inda mawaƙinta yake.

To amma ranar biya fa? Dokar haƙƙin mallakar fasaha da Guyana ke aiki da ita har yanzu ita ce ta Ingila ta 1956, wadda ta gada daga mulkin mallaka. An rubuta ta kafin kaset, balle intanet. Gwamnatoci na jam'iyyu biyun sun sha alƙawarin sabunta ta, mawaƙa sun sha kuka, kuma dalilin jan ƙafar ba sirri ba ne: satar fasaha ta yi wa kowa daɗi, daga mai tashar talabijin zuwa uban da ke saya wa ɗansa kwafin littafin makaranta da araha. Sai dai al'adar da ta ba jama'a fim kyauta ita ce ta rufe Astor, ita ce kuma ta sa mawaƙin gida ya tsufa hannu wofi. Mai kukan rashin Sam Chase na zamani, alhali bai taɓa biyan kuɗin faifan mawaƙin ƙasarsa ba, ya kamata ya rage sautin kukan.

Akwai masu cewa duk wannan surutun ƴan gudun wahala ne. Matashin Georgetown na yau, wanda ke neman aiki a kamfanin mai ko yake fama da tsadar haya, yana iya tambaya: ku da kuka gudu lokacin layin sabulu, da wane baki za ku zo ku ce kada a rushe tsohon gini? Mu da muka zauna muna bukatar asibiti da wutar da ba ta ɗaukewa, ba gidan silima mai kuɗin cizo ba. Maganar tana da ƙarfi, kuma bai kamata ƴan ƙetare su yi saurin jin haushinta ba. Wanda ke aiko da dala ba shi ke da ikon tsayar da agogon garin da ba ya kwana a ciki ba. Ginin katako yana cin kuɗi, gara na cinsa, kuma mai fili yana da haƙƙin neman riba.

Sai dai ba wanda ya ce a sake buɗe Brown Betty. Abin da ake magana a kai ya fi haka araha nesa ba kusa ba. A 2015 kamfanin ExxonMobil ya gano mai a tekun Guyana, aka fara haƙowa a Disamba 2019, kuma a 2022 tattalin arzikin ƙasar ya ƙaru da sama da kashi 60 cikin 100 a shekara guda. Otal-otal da benayen siminti da gilashi na ta tashi a inda gidajen katako suke, sabbin gidajen silima kuma suna cikin manyan kantunan zamani masu sanyi, suna haska abin da ake haskawa a Miami. Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar, wadda aka kafa a 1972, tana da jerin wuraren da doka ta kare: tsofaffin ganuwowin Holan, babbar cocin St George, fadar shugaban ƙasa da makamantansu. Wuraren masu mulki da masu wa'azi ke nan. Kanti ko gidan silima, inda jama'a suka yi rayuwarsu, ba su samu irin wannan gata ba. Kasuwar Stabroek mai hasumiyar agogo, wadda aka gina da ƙarfe a 1881, tana nan ne saboda har yanzu ana ciniki a cikinta.

Kuɗin kilomita ɗaya na sabuwar hanya zai isa a tura matasa ƴan jarida da ɗaliban tarihi, da na'urar ɗaukar murya, su bi gidajen tsofaffi a Queens da Brooklyn da Scarborough, su kuma bi ƙauyukan Berbice da Essequibo inda waɗanda ba su tafi ba suke. Zai isa a sayi faya-fayai da hotuna da takardun talla da ke jibge a akwatunan mutane kafin magada su zubar da su ranar kwashe kayan mamaci, a mayar da su na kwamfuta, a ajiye a taskar tarihin ƙasa mai ɗauke da sunan Walter Rodney, inda ɗan makaranta zai same su. Rodney, wanda bam ya kashe a Georgetown ranar 13 ga Yuni 1980, littafinsa na ƙarshe kan tarihin ma'aikatan Guyana ne, masu haƙa magudanan ruwa da masu saran rake. Taskar da ke ɗauke da sunansa ita ta fi cancanta ta san sunan mai sayar da tikitin Globe.

Amma mai ɗaukar muryar kada ya tsaya a jerin sunaye, domin an riga an jera su sau dubu. Ya tambayi tsohuwar nawa ake biyanta a bayan kanta, kuma wa aka hana aikin da aka ba ta. Ya tambayi tsohon ko ya taɓa hawa bene a Astor, ko kuwa a rami ya ƙare. Ya tambayi ɗan mai kantin da ya ƙone a 1962 abin da mahaifinsa ya faɗa a daren, ya kuma nemo wanda ya fita da akwatin rediyo a kai daga cikin hayaƙin, domin shi ma yana nan, wataƙila ma suna zama a coci ɗaya a Brooklyn. Irin waɗannan amsoshi ne za su sa matashin da bai taɓa ganin Bookers ba ya saurara, tunda a cikinsu zai ji dalilin da ya sa kakarsa ke zaɓen jam'iyyar da take zaɓe, da dalilin da ya sa rabin danginsa ke Kanada.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masu tafiyar sun riga sun fara. Godfrey Chin da Habeeb Khan sun tafi a shekara ɗaya. Dave Martins, wanda ya koma gida Guyana a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a watan Agusta 2024 yana da shekara 90. Yaron da yake da shekara 15 ranar gobarar 1962 yanzu yana dab da 80, wanda kuma ya ga ta 1945 da wayonsa ya doshi 90 ko ya wuce.